Sunan Da Ke Wuyan Hudu

Shafi na 31

Salama gare ku masu bibiya. Mun rabu a inda motar soja ta kife da mijin Asta a hanyar Dadin Kowa, aka shigo da gawarsa barikin Gombe. Bismillah.

*

"Ƙarfe huɗu," in ji Magajiya Selina. "Haka Samanja ya ce in faɗa miki. Fasto zai yi addu'a, a busa begila, a harba bindiga, a miƙa miki tuta. Ki nemi baƙin zane ki ɗaura."

Asta ta ɗago kai. Tun jiya da aka kawo labarin ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba.

"Fasto?"

"To wa kike so, Liman?" Selina ta gyara zama a bakin gado. Ita ce shugabar matan bariki, duk haihuwa da mutuwa ta hannunta suke bi. "Maman Jamila, shekara huɗu kina ɗaki ɗaya da Kofur Bernard ba ki ce uffan ba. Sai yau da ya mutu za ki musuluntar da shi?"

Wata daga cikin matan da ke baranda ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Asta ta san zancen da suke yi tun ranar da ta tare, wai 'yar malamai daga Jekadafari ta ga kaki ta manta da addini. Ba ta taɓa tanka musu ba.

"Af, na manta," Selina ta ce. "Akwai mutane a ƙofar bariki tun hantsi, har da makara. Wani dogo ya ce sunansa Wakili, wai gawar ƙanensa Hudu ya zo ɗauka. Masu gadi sun ce ba su da wani Hudu a nan." Ta zuba mata ido. "Ke kin san wani Hudu?"

Asta ta kawar da kai.

Idonta na kan akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A can ƙasa, bayan kakin fareti, akwai buzun sallah a naɗe, da carbi, da farar hula. Shekara huɗu sai ta sa sakata ta saki labule kafin mijinta ya shimfiɗa buzun nan. Ko kabbara ba ya ɗaga murya, don ɗakunan bariki tarin maƙwabci ma ana ji. Ranar Lahadi ya bi layin fareti zuwa coci, ya zauna a bencin ƙarshe. Ranar Juma'a, in ya samu ya zille, ya tuɓe kaki a gidan wansa Wakili ya bi sahu.

Wanda bariki ke kira Kofur Bernard, Hudu ne sunan da aka raɗa masa.

Shekara takwas ke nan, lokacin da yaƙin basasa ya tashi aka zo ɗibar soja Gombe. Mai satifiket ɗin firamare sai a kai shi sashen waya. Wanda ba shi da shi, a ba shi bindiga a tura shi gaba. Hudu allo ya yi, amma ya iya boko, don tare suka tashi da Bernard Isaiah, ɗan wani ma'aikacin injin auduga da ya yi haya a gidansu. Bernard ne ya koya masa baƙaƙe da tsinke a ƙasa. Shi ne kuma ya ɗauko satifiket ɗinsa ya danƙa masa, ya ce, "Je ka da shi, kada a kashe mana kai a banza. In an gama ka dawo min da abina."

An gama yaƙi, takarda ta zauna a fayil. Sunan kuma aka buga shi a ɗan faifan ƙarfen da kowane soja ke ratayawa a wuya, da lamba, da addini. Shi Bernard na gaskiya ya ce tasa ta ɓace, aka ba shi wata. Yanzu malamin firamare ne a Kaltungo, da 'ya'ya huɗu.

Asta ta miƙe ta yafa mayafi.

"Magajiya, ki duba min Jamila."

"Ina za ki? Mai zaman makoki ba ta yawo."

"Ba nisa."

*

Ta sami limamin bariki a inuwar masallaci yana goge takalminsa na soja. Saje Bamanga ke nan, igiya uku a hannun riga, da ɗan gemun da shi kaɗai aka yarje wa a duk barikin.

Ta durƙusa daga gefe.

"Allah gafarta Malam."

"'Yata, sai haƙuri. Allah ya ba ki dangana. Allah ya..." Sai ya tsaya. Ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya ƙarasa ƙasa-ƙasa. "Allah ya jiƙansa, ya sa ya cika da imani."

Asta ta ɗago ta dube shi. Ba a yi wa Kofur Bernard irin wannan addu'ar.

"Ashe ka sani."

Ya ajiye buroshin.

"Na sani. Azumin bara waccan ya same ni a nan bayan an watse. Ya ce, Malam, ko sau ɗaya ina so in bi ka sallar idi cikin kakina, ba a ɓoye ba."

"Ka ce masa me?"

"Na ce ya dakata. In ya ce ya sauya addini, sai an buɗe fayil, a rubuta wa garinsu, a nemi shaidu. Kwamandan lokacin kuwa mutum ne mai tone-tone. Na ce ya bari a sauya shi."

"An sauya shi."

"An sauya. Sai na ce ya bari ya sami igiya ta uku, maganarsa ta fi nauyi."

 Daga filin fareti ana jin sojoji shida suna gwajin ɗaukar akwati, Samanja na ƙirga musu taku.

"To tashi mu je ka faɗa musu, Malam."

"In ce me? In ce shekara biyu na san soja na yawo da sunan wani na rufe bakina? Kafin azahar ina gadurum an kulle ni. Shekara ashirin da biyu nake cikin kakin nan, tun Turawa ba su tafi ba. Saura wata bakwai in ajiye."

"Wanka nake roƙo. Da likkafani, da sallah. Ban ce a ba ni komai ba. A akwati za su sa shi da takalmi a ƙafa, fuskarsa ba ta kallon gabas."

"Ki fahimce ni. Ni limamin sojan da takarda ta ce Musulmi ne. Wanda ba ta ce ba, ko hannu na ɗora a gawarsa na yi laifi. Fasto ma haka, in nawa ya mutu ba ya matsowa. An yi tsarin ne don kada a yi faɗa a kan gawa." Ya shafa gemunsa. "Amma bayan magariba zan tara mutum uku da na yarda da su, mu yi masa sallar ga'ibi."

"Sallar wanda ba ya nan."

"Ita."

"Yana nan, Malam. Ga shi can bayan asibiti. Taku ɗari ne daga inda kake zaune."

Liman ya ɗauki takalmin da ya riga ya goge ya sake sa masa buroshi.

"Je ki wajen Kyaftin Ernest," ya ce, bai ɗago ba. "Fayil a hannunsa yake. Ba mugu ba ne. Amma don Allah kada ki ambaci sunana."

*

A hanyar ofis ta tuna ranar da Hudu ya sa ta dafa Alƙur'ani, sati ɗaya da tarewarta. Ya ce ko wuya ta yi wuya kada ta furta, don in magana ta fita ba shi kaɗai za a kama ba. Ta yi rantsuwar tana dariya, tana amarya. Ba wanda ya kawo zancen mutuwa a ranar.

Kyaftin Ernest mutumin Jos ne, Hausa a bakinsa tas. Ya bar ta ta zauna, ya rage ƙarar rediyo, ya saurare ta har ta kai ƙarshe bai katse ta ba. Faifan wuyan Hudu na kan teburinsa, igiyar ta yi baƙi da gumi.

"Madam, kin san nauyin abin da kika faɗa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ya buɗe fayil ya bi da yatsa.

"Bernard Isaiah. Kirista. Garinsu Kaltungo. Wadda za a sanar in ya mutu, mahaifiyarsa, Elizabet Isaiah. Ga sa hannunsa. Kuma duk Lahadi da idona nake ganinsa a coci."

"A bencin ƙarshe."

"Rabin sojojina a bencin ƙarshe suke zama. Can barci ya fi daɗi."

"Ka duba goshinsa. Akwai tabon sallah."

"Hular kwano ma tana barin tabo."

"Wansa yana ƙofa. Mutanen unguwarmu sun haƙa kabari tun safe. Duk Jekadafari ta san shi."

"Jekadafari ba ta cikin fayil ɗina." Ya jingina da kujera, ya murza idonsa. "A barikin da na baro an taɓa ba wasu gawa don sun zo da kuka. Washegari wasu suka zo da nasu kukan, da adduna. Tun daga ranar na daina bin hawaye. In na ba ku shi yau, gobe coci ta ce soja sun sace mata mamaci. In na hana ku, masallaci ya ce haka. Takarda ce kaɗai ba ta da dangi a garin nan."

Asta ta sauko daga kujera ta durƙusa.

"Tashi, madam, ba na son haka. Ji nan. Tun asuba na tura mota Kaltungo ta ɗauko tsohuwar. Uwa ba ta ɓata ɗanta. In ta duba ta ce ba shi ba ne, to ba sojanmu ba ne, ku ɗauki gawarku ku yi yadda addininku ya ce. Ba tuta, ba begila. Ɗaki ki fita cikin kwana bakwai. 'Yarki kuma babu abin da gwamnati za ta san ta da shi."

"Na yarda."

"Ban gama ba."

Fankar sama na juyawa, takardun tebur na motsi.

"Mai satifiket ɗin, duk inda yake, 'yan sandan soja za su ɗauko shi. Da wanda ya ara da wanda ya ba da aro, laifinsu ɗaya. Ɗaya ya riga ya tafi. Wanda ya rage shi zai ɗauka, kuma ba wata shida ba ne."

Ya rufe fayil ya miƙe.

"Jira ni a waje, in sa a kawo makullin ɗakin gawa."

*

Da ta fito sai ta ga Landiroba a tsaye, ƙura ta rufe ta. A benci kuma, daidai ƙarƙashin tagar ofis wadda ke buɗe, wata 'yar tsohuwa na zaune cikin zanen zumuntar matan coci, ta ɗora Littafi Mai Tsarki a cinya.

Asta ta san ta. Ita ce ta kawo mata tukunyar ƙasa da tsintsiya biyu ranar aurenta.

"Mama."

"'Yata."

Mama Elizabet ta jawo ta ta zaunar kusa da ita. Hannunta sanyi ƙalau duk da ranar da ake yi.

"Tun yaushe kike nan, Mama?"

"Tun yana zancen hular kwano."

Ta ji komai ke nan.

Tsohuwar ta matso da bakinta kusa da kunnen Asta.

"Bernard ɗina yana tsakar gida yana ba kekensa iska zai tafi makaranta, sojoji suka yi sallama. Suka cire hula suka ce, Mama sai haƙuri, ɗanki Bernard ya rasu. Yana tsaye da famfo a hannu yana jin su."

"Sai aka yi yaya?"

"Suka ce wannan fa? Na ce ƙanensa ne." Ta dubi littafin da ke cinyarta. "Da wannan a hannuna na faɗa. Ina shirin tafiya addu'ar safe."

"Mama, magana ɗaya ce. Ki ce ba shi ba ne. Hamma Wakili yana ƙofa da makara, kafin la'asar an rufe shi kusa da babansa."

"Hudu a cinyata ya yi ƙyanda. Innarsa tana jego, ni na yi jinyarsa kwana tara. In an kira sallah yana ɗakina ni nake korarsa, in ce tashi kada babanka ya ce na lalata masa yaro. Kina tsammani ban san abin da yake so ba?"

"To ki faɗa musu."

"Matar Bernard cikinta wata takwas."

"Mama, a akwati za su sa shi."

"Na ji."

"Shekara takwas yana sallah kamar ɓarawo. Ko ta ƙarshen ma a hana shi?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Leɓɓanta na motsi, ko addu'a take ko rawar sanyi, Asta ba ta gane ba.

Kyaftin ya fito, hula a kai, fayil a hammata.

"Sannu da hanya, Mama. Ku biyo ni."

*

Ɗakin yana bayan asibitin bariki, ƙarami, sai warin magani. A kusurwa ga akwati sabo fil, an ninke tuta an ɗora a kai. A tsakiya ga tebur, an lulluɓe shi da bargon soja, takalma biyu masu sheƙi sun leƙo ta ƙasa. Har sun shirya shi.

Ta taga Asta ta hango Saje Bamanga a gindin dalbejiya, ya riƙe hularsa da hannu biyu. Ya biyo su, amma iyakarsa nan.

Kyaftin ya ja bargon zuwa ƙirji.

Fuskar ba ta taɓu ba. Kamar ya dawo daga gadi ya kwanta, har da ɗan buɗe bakin nan da Asta ke tsokanarsa da shi. An taje masa kai, an ɗaure maɓallin wuya. A tsakiyar goshi ga tabon nan baƙi, wanda kullum yake jawo hula ya rufe kafin ya fita.

Mama Elizabet ta matsa. Ta daɗe tana kallonsa. Hawaye suka gangaro ta cikin tamojin fuskarta suna ɗiga a kakin, ba ta share ba.

"Mama," Kyaftin ya ce, "doka ce sai na tambaya. Ki duba da kyau. Wannan ɗanki ne, Kofur Bernard Isaiah?"

Can waje aka ji ladani ya ɗaga kiran azahar daga cikin gari. Na bariki shiru, limaminsa na gindin bishiya.

Asta ta riƙe bakin tebur.

Tsohuwar ta ɗaga hannu a hankali, ta ɗora tafinta a goshinsa, daidai kan tabon, ta rufe shi ruf.

"Shi ne," ta ce. "Bernard ne."

Kyaftin ya dube ta. Ya dubi hannun da ke kan goshin. Asta ta ga ya gani, ta ga kuma ya kawar da ido.

Ya zaro takarda daga fayil, ya buɗe ɗan gwangwanin tawada, ya kama babban yatsan tsohuwar ya dangwala. Sannan ya juyo da takardar.

"Saura ke, madam. Matar mamaci tana sawa a ƙarƙashin uwa."

"Ranka ya daɗe..."

"In kin sa, an gama, ƙarfe huɗu a rufe shi, ba wanda zai sake jin abin da kika faɗa a ofishina. In kin ƙi, to ɗayarku ta yi wa soja ƙarya a kan gawa, kuma dole in rubuta in san wacce. Mota na nan, ba a kashe ta ba. Awa biyu ne zuwa Kaltungo."

Ya tura mata gwangwanin tawadar.

Wani abu mai sanyi ya kama wuyan hannunta. Ta duba. Yatsun Mama Elizabet ne, babban yana jiƙe da shuɗiyar tawada, yana barin shaida a fatarta.

"'Yata," tsohuwar ta raɗa mata a kunne. "Ɗana ya ba shi satifiket ɗin ne don kada a kashe shi."

Kyaftin ya ɗaga hannu ya duba agogo.

"Madam, ina jira."